Kwantai a Wurin Gashi na Unguwa: Nazarin Lamarin Wani Mai Tsire a Kano, 2022 zuwa 2024

## Wurin da masu zuwansa

Wurin da wannan nazari ya shafa rumfa ce ta kwano a bakin titin da ya ratsa wata unguwa a wajen ganuwar birnin Kano, unguwar da yawancin mazaunanta ƙananan ma'aikata ne da 'yan kasuwa da matuƙa adaidaita sahu. Mai wurin mahauci ne ɗan gado wanda ya haura shekara 40, kuma kafin ya tsaya da ƙafarsa ya daɗe yana yaron wani babban mahauci a kwata. A hannun dama na rumfar akwai tukubar tsire, a hannun hagu kuma rabin ganga da aka ɗora wa raga don gashin balangu da kayan ciki. Daga ciki akwai benci biyar da dogon tebur mai shimfiɗar leda, da buta da bokitin wanke hannu. A farkon 2022 yara huɗu ne ke taya shi aiki: ɗaya na soke nama a tsinke yana birkita shi cikin garin ƙuli-ƙuli, ɗaya na kula da wuta, ɗaya na yanka albasa da tumatir da kabeji, ƙaraminsu kuma shi ne ɗan aike. Daf da rumfar akwai teburin mai shayi, kuma cinikin mutanen biyu a haɗe yake, domin wanda ya ci nama yakan nemi ruwan zafi ya kora, wanda ya zo shan shayi kuma ƙanshin gashi yakan ja shi.

Cin nama a irin wannan wuri yana da tsarin da kowa ya sani ba tare da an rubuta shi ba. Mutum zai yi sallama bayan Magariba, ya tsaya gaban raga ya nuna inda ransa ke so, ko tozo ko haƙarƙari ko tsokar cinya, sai mai gashi ya yanko 'yar loma a bakin wuƙa, ya dangwala yaji, ya miƙa masa ya ɗanɗana. Idan ta yi masa, sai ya faɗi na nawa za a ba shi. Babu sikeli, ido da hannun mai gashi su ne ma'auni, kuma bayan an gama yankawa a kan katako ana sa ran zai ƙara yanka biyu ko uku na gyara kafin ya barbaɗa yaji ya zuba albasa. Masu sayen sun kasu uku. Akwai masu zama a benci su ci suna hira, yawancinsu samari da magidantan da suka tashi daga kasuwa. Akwai masu cewa a ƙunsa musu a takarda su kai wa iyali tsaraba. Sai kuma 'yan dare, wato matuƙa adaidaita sahu da fasinjojinsu da masu dawowa daga biki, waɗanda ke riƙe cinikin daga ƙarfe goma har zuwa sha biyu ko ɗaya na dare.

A farkon 2022 mai wurin yana ɗauko cinya biyu ta sa daga abbatuwa ta wajen Ƙofar Mazugal kowace safiya, yana kuma yanka rago guda a kullum. Ragunan yakan saye su a kara, wani lokaci ya je Wudil ran Juma'a da kansa, wani lokaci dillali ya kawo masa daga Maigatari, inda kasuwa ke ci ran Alhamis kuma dabbobi da yawa ke shigowa daga Nijar. Tsinken tsire naira 100 ne. Ba ya rubuta komai. Ma'aunin ribarsa shi ne, idan kuɗin dare sun isa sayen naman gobe, aka sallami yara, aka yi cefanen gida, to ranar ta yi kyau. Akwai kuma wata ƙa'ida da ya gada daga maigidansa wadda bai taɓa tuhumarta ba, cewa tulin nama shi ke kiran mai saye, kuma ragar da ta yi fayau korar mutane take yi.

## Yuli 2022 zuwa Maris 2023: alamun farko

A watan Yuli na 2022 gwamnatin Jihar Kano ta hana zirga-zirgar adaidaita sahu daga ƙarfe goma na dare zuwa shida na safe. Titin unguwar, wanda a da ba ya yin shiru sai tsakar dare, ya riƙa yin tsit da wuri, kuma rukuni na uku na masu saye, wato 'yan dare, ya ragu ƙwarai cikin 'yan makonni. Mai wurin bai rage yawan naman da yake saye ba, bai kuma sauya lokacin tashi ba. Abin da ya rage da dare yakan raba wa yara wani, sauran kuma a rufe shi a cikin kwano a ɗumama washegari. A lokacin kwantan bai kai ya taɓa uwar kuɗi ba, saboda haka bai ɗauke shi matsala ba.

Bugu na biyu ya zo ne ta hanyar kuɗi. A ranar 26 ga Oktoba 2022 Babban Bankin Najeriya ya sanar da sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000, aka sa wa'adin daina karɓar tsofaffin a ranar 31 ga Janairu 2023, daga baya aka ƙara shi zuwa 10 ga Fabrairu. Sababbin takardun ba su wadata ba, kuma sana'ar da duk cinikinta na hannu da hannu ne ta shiga tsaka mai wuya. Masu saye sun zo da kuɗi a waya, dillalan kara kuma ba su yarda da komai sai tsaba. Mai wurin ya fara karɓar tiransifa ta asusun ɗaya daga cikin yaransa, sannan da safe a je wurin mai POS a cire da caji mai tsada. Sau da yawa sabis yakan ɗauke, mutum ya nuna cewa an cire masa kuɗi amma ba su shigo ba, kuma kunya ba ta barin a riƙe naman da aka riga aka yanka aka zuba wa yaji. Wasu kuɗin sun shigo daga baya, wasu kuwa alat ne na bogi.

Maganin da ya samo wa wannan shi ne bayar da bashi ga sanannun fuskoki, ba tare da rubutawa ba. Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ranar 3 ga Maris 2023 cewa tsofaffin takardun su ci gaba da aiki har ƙarshen shekara, kuɗi suka fara dawowa hannun jama'a a hankali, amma bashin bai dawo tare da su ba. Waɗanda aka fi bi da yawa sun sauya hanya, suka riƙa bi ta bayan layi don kada a haɗa ido. Ta haka rumfar ta yi asarar kuɗi da kuma wasu daga cikin mutanen da suka fi zama a bencinta.

## Yuni zuwa Nuwamba 2023: tsada da dabarun ɓoye ta

A ranar 29 ga Mayu 2023 Shugaba Bola Tinubu ya bayyana a jawabinsa na rantsuwa cewa tallafin man fetur ya ƙare. Cikin kwanaki kaɗan litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500, a watan Yuli kuma ta wuce 600. Kuɗin ɗauko dabba daga kasuwar ƙauye ya tashi, haka ma gawayi da itace da man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, yayin da aljihun masu saye ya ƙara ƙuntata, kuma gashi na daga cikin abubuwan da magidanci ke fara yankewa idan albashi ya kasa. Babbar Salla ta faɗo ranar 28 ga Yuni, kuma tun da kowane mai gashi ya san ciniki kan yi sanyi bayan layya saboda kowane gida na da soyayyen nama, mai wurin ya ɗora ja bayan cinikin a kan haka, ya zauna jiran ya farfaɗo. A watan Yuli aka tabbatar da ɓullar cutar anthrax, cutar dabbobi da kan kama mutane, a wata gona a Suleja ta Jihar Neja, hukumomi suka yi gargaɗi game da nama da fata, wasu suka ɗan janye na 'yan makonni. Sai kuma juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli, wanda ya jawo rufe kan iyaka, dabbobin da ke shigowa Maigatari da sauran kasuwannin bakin iyaka suka ragu, farashin rago da na sa ya ƙara hawa.

Abu na farko da ya gwada shi ne riƙe farashi yadda yake, a rage abin da ake bayarwa. An riƙa fere naman tsire da siriri, a cika shi da ƙuli-ƙuli don tsinken ya yi kauri a ido. An daina ɗanɗano, gyara kuma ta koma yanka ɗaya ko babu. Babu wanda ya yi ƙorafi a fili, domin ba al'adar mai zama a benci ba ce ya tsaya jayayya da mai gashi a kan loma biyu a gaban mutane. Wanda ke zuwa sau huɗu a mako dai ya koma zuwa sau ɗaya.

Na biyu shi ne neman nama mai sauƙin kuɗi. Ya koma ɗauko naman tsohuwar saniya, wanda sai an sha wahalar tauna, a balangu kuma ya riƙa haɗa naman akuya da na rago ba tare da ya faɗa ba. Wannan bai kai wata biyu ba ya bari, saboda magidantan da ke kai tsaraba gida sun fara dawowa da saƙon cewa uwargida ta ce naman ya sauya. Na uku shi ne ƙara lokacin zama, a ci gaba da hura wuta har bayan tsakar dare da fatan sayar da abin da ya rage, alhali titin babu kowa. Sakamakonsa ƙarin gawayi ne da gajiyar yara, naman da ke kan raga kuma ya riƙa bushewa yana ƙanƙancewa. Nama kan rasa kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsa a gashin farko, duk sa'ar da ya ƙara a kan wuta kuma sai ya ƙara raguwa, don haka na naira 500 da aka yanka da sha ɗaya na dare yakan cinye nama fiye da wanda aka yanka da ƙarfe bakwai. Duk tsawon wannan lokaci cinya biyu da rago guda suna nan ba a taɓa su ba.

## Disamba 2023 zuwa Afrilu 2024: firiza da abin da ya biyo baya

Da kwantai ya kai yadda yara ba za su iya cinye shi ba, mai wurin ya ɗauki kwasar adashinsa, ya ciwo bashin ciko, ya sayi firiza ta hannu ya ajiye a gida. Nufinsa shi ne a riƙa adana ɗanyen naman da bai hau wuta ba da gasasshen da bai fita ba. Wutar lantarki a unguwar ba ta wuce 'yan sa'o'i a yini, wani lokaci a kwana biyu ba a kawo ba, tayar da janareta kuwa da man sama da naira 600 yana cinye ribar da ake neman karewa. Naman ya riƙa daskarewa yana narkewa yana sake daskarewa. Idan aka fito da shi sai ya yi ta zubar da ruwa, launinsa ya koɗe, ƙuli-ƙuli ya ƙi kama shi. Gasasshen kuma sai a shafa masa mai a ɗumama, a jera shi a ƙarƙashin sabo, ta yadda duk wanda aka yanka wa zai samu rabi na yau rabi na jiya.

Sanyin hunturu ya rufa wa wannan dabara asiri a Disamba da Janairu. Da bazara ta kama, lokacin da zafin rana a Kano kan wuce digiri 40, sai lamarin ya sauya. Ƙwayoyin cutar da ke ɓata abinci suna saurin yaɗuwa tsakanin digiri 5 zuwa 60, shi ya sa shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce kada dafaffen abinci ya wuce sa'a biyu a ajiye a sarari. Wasu daga cikin ƙwayoyin kuma suna barin guba a cikin abincin wadda ɗumamawa ba ta kashe ta, ko da naman ya yi zafi har yana tururi. Gefen raga, inda ake ture naman da ke jiran mai saye, ɗumi ne kawai ke gare shi, kuma a nan kwantan ke yin sa'o'i.

Azumi ya fara ranar 11 ga Maris 2024. A cikin goman tsakiya wani magidanci, wanda ya daɗe yana sayayya a wurin, ya ƙunshi balangu bayan asham ya kai gida, kafin sahur yaransa biyu da matarsa suka kama amai da gudawa. An kai yaran asibiti aka yi musu ƙarin ruwa, suka warware cikin 'yan kwanaki. Ba a yi wa naman gwaji ba, mutumin kuma bai kai ƙara ko'ina ba. Ya zo da safe, lokacin da babu kowa, ya faɗa wa mai wurin abin da ya faru cikin mutunci, ya tafi. Amma labari ya bi gidaje ta bakin masu zuwa dubiya, kuma zuwa ƙarshen azumi masu ƙunsa su kai gida sun kusa ɗaukewa gaba ɗaya. An buɗe kan iyakar Nijar a cikin watan na Maris, dabbobi suka fara shigowa, amma farashinsu bai sauko ba, rumfar kuma ba ta ga wani sauƙi ba.

## Afrilu zuwa Mayu 2024: littafi da sikeli

Bayan Ƙaramar Salla, wadda aka yi ranar 10 ga Afrilu, mai wurin ya rufe na wasu kwanaki da tunanin barin sana'ar ya koma yaron wani a kwata. Ɗan ƙanwarsa, ɗalibi a wata kwalejin fasaha, shi ne ya roƙe shi ya jinkirta wata guda. Ya samo littafin makaranta da sikeli mai rataye na aro, suka amince a kan rubuta abu uku kullum: nauyin ɗanyen naman da aka sayo, nauyin abin da ya rage lokacin tashi, da kuɗin da suka shigo a kowace sa'a. Da farko kawun ya ga abin kamar wasan 'yan boko ne, har yakan manta ya bari a auna kafin a fara yanka.

Bayan mako huɗu littafin ya nuna abubuwan da ido bai taɓa tantancewa ba. Daga Litinin zuwa Laraba kusan kashi ɗaya cikin biyar na naman da ake sayowa yana kwana. Daren Juma'a da Asabar da kwanakin da suka biyo bayan biyan albashi ne kawai ake kusan sayar da komai. Mafi yawan kuɗin suna shigowa tsakanin Magariba da tara da rabi, abin da ake samu bayan ƙarfe goma kuwa bai kai kuɗin gawayin da ake ƙonawa a lokacin ba. An kuma ga cewa masu cewa a ba su na naira 300 zuwa 500 sun fi kowa yawa, kuma su ne ke tashi ba su ƙoshi ba. Da aka tattara bashin da ake bin mutane, gwargwadon abin da aka iya tunawa, ya zarce kuɗin naman kwana uku.

## Mayu zuwa Agusta 2024: sauye-sauyen da aka yi

Sauyi na farko, kuma mafi wuya a wurin mai rumfar, shi ne rage saye. Daga Litinin zuwa Laraba ya koma cinya ɗaya, ragon kuma suka riƙa rabawa rabi da rabi da wani mai gashi na wata unguwa mai nisa da tasa, kowa ya yanka rana guda ya aika wa ɗan'uwansa rabi. Ranakun ciniki ne kawai yake komawa tsohon adadi. An daina ɗora nama gaba ɗaya a kan wuta. Ana gasa kaso na farko kafin Magariba, na biyu bayan Isha'i, na uku kuma ɗan kaɗan ne, ana ɗora shi ne kawai idan an ga mutane. Ɗanyen da ke jira yana cikin kula da ƙanƙarar da ake sayowa kullum da yamma. An sayar da firizar da faɗuwa, aka rage bashinta da kuɗin.

An kafa doka cewa gasasshen nama ba ya kwana. Da ƙarfe goma ana karya farashin abin da ya rage, wanda bai fita ba a raba wa yara da almajirai a daren, a kashe wuta kafin sha ɗaya. Ɗanyar tsokar da ta rage a cikin ƙanƙara kuma ana fere ta da sassafe a shanya, a tsoma a labu, wato kwaɓin gyaɗa da kayan yaji, a yi kilishi, wanda ke ajiyuwa kuma yana da masu sayensa. Wannan ya yi aiki sosai a zafin Mayu, da damina ta kankama kuwa sai aka dakatar da shi saboda rashin rana.

A ɓangaren farashi, an mayar da tsinke girmansa na da, aka ce naira 200 ne, kuma mai wurin da bakinsa yake faɗa wa duk wanda ya tambaya nawa ya sayo cinya a ranar. An dawo da ɗanɗano da gyara. Don masu ƙaramin kuɗi aka kawo gurasa, irin wadda aka san unguwar Jakara da ita, ana yin bandashe da ƙuli-ƙuli da mai da albasa, a ɗora 'yan yankan nama a kai a sayar naira 500. Mutum ya ci ya ƙoshi, ya juya ya karɓi shayi, naman da ya shiga ciki kuwa bai kai rabin wanda da za a yanka masa zalla ba. Wannan ne ya fara dawo da samari kan benci.

An kuma fito da teburin gyaran nama daga bayan rumfa zuwa gaba, inda mai wucewa zai ga jan nama ana fere shi ana sokewa. Mai wurin ya je gidan magidancin nan da kansa, tare da wani dattijon unguwa, ya duba yaran ya ba da haƙuri, ya kuma bayyana abin da ya sauya. Game da tsohon bashi, ya aika ta bakin mai shayi cewa ya yafe rabi, sauran kuma kowa ya kawo abin da ya sawwaƙa, kada kunya ta hana kowa zuwa. Sabon bashi sai an rubuta, kuma ana biya ƙarshen wata. An buɗe asusu na rumfar a kan waya guda, ba a ƙunsa nama sai an ga kuɗi sun shigo a cikinta.

Ba duk abin da aka gwada a wannan zango ne ya zauna ba. Ɗalibin ya so a riƙa sayarwa da sikeli, kowane giram da kuɗinsa, amma masu saye suka ƙi. Wasu suka ce an mayar da wurin kanti, kuma da sikeli babu gyara, don haka bayan mako biyu sikelin ya koma aikin auna saye da kwantai kawai. Kai nama gida a kan babur ma an gwada an bari, saboda kuɗin mai ya fi abin da ake ƙarawa. Abin da ya tsira daga wannan shi ne karɓar odar suna da walima ta waya, da sharaɗin a ba da kafin alƙalami.

Ranar 1 ga Agusta 2024 zanga-zangar tsadar rayuwa ta rikiɗe zuwa tarzoma a Kano, gwamnatin jihar ta sa dokar hana fita ta sa'a 24. Rumfar ta yi kwanaki a rufe. Asarar da ta yi ba ta wuce naman yini guda ba, wanda aka raba wa maƙwabta, domin babu wani tarin da ke ajiye.

## Inda aka tsaya a ƙarshen 2024

A watan Oktoba litar fetur ta haura naira 1,000 a wurare da dama, tsinke kuma ya koma 300, wannan karon ma a bayyane. Naman da ake sayowa a mako ya tsaya a wajen kashi biyu cikin uku na abin da ake saye a farkon 2022. Yaran sun koma uku. Kwantai ya kusa ɓacewa daga littafin, an gama biyan bashin firiza kafin ƙarshen shekara, masu kai tsaraba gida sun dawo a hankali, ciki har da magidancin nan. 'Yan dare ba su dawo ba. Abin da mai wurin ke kaiwa gida yana isar cefane da adashi, amma idan aka gwada da tsadar kaya bai kai ƙarfin abin da yake samu kafin matsalar ba.

## Hukunci

Dokar adaidaita sahu da ƙarancin takardun kuɗi da cire tallafi da rufe iyaka duk sun faru ne a wajen ikon mai rumfar, kuma sun sami kowane mai gashi a garin. Abin da ya kusa rufe wannan wuri shi ne yadda ya ci gaba da saye don masu sayen da suka riga suka tafi, har kusan shekara biyu, saboda ƙa'idar tulin nama. Ƙa'idar tana da gaskiyarta a lokacin da titi ke cike har tsakar dare, amma da titin ya sauya sai ta zama hanyar zubar da uwar kuɗi, kuma rashin rubutu ya sa babu yadda za a gane hakan, tun da kowace faɗuwa akwai wani dalili na waje da za a jingina ta da shi.

Rage girman tsinke a ɓoye ya fi ƙara farashi illa, domin a sana'ar da babu sikeli mai saye amanar hannun mai yanka yake saye tare da naman. Mutanen unguwar sun san kuɗin mai da na rago, ƙarin da aka faɗa musu a fili bai kore su ba. Ƙin amincewarsu da sikeli ma ya nuna haka, ba awo suke nema ba, so suke a ci gaba da yi musu gyara. Firizar kuwa ta zo ne don adana rarar da bai kamata a sayo ta ba tun farko, a unguwar da babu wutar da za ta riƙe ta, kuma ita ce ta ba da ƙwarin gwiwar haɗa na jiya da na yau har abin ya kai ga lafiyar yara. Daga cikin matakan da suka yi aiki, rage saye da gashi kashi-kashi su ne suka tsayar da asara, gurasa da gyara da zuwa ba da haƙuri su ne suka dawo da mutane, kuma da wuya mai wurin ya yarda da na farkon in da bai ga nauyin kwantan a rubuce ba.

Tsarin yana da raunin da bai kau ba. Ya dogara da samun ƙanƙara kullum, wadda kan yi tsada ta kuma yi wuya a bazara da azumi, daidai lokacin da aka fi bukatarta. Ya dogara da abokin rabon rago, wanda in ya janye za a koma ko dai yanka guda ko rashin balangu a ranakun farkon mako. Littafin kuma har ƙarshen 2024 ɗan ƙanwar ne ke riƙe da shi, alhali yana gab da kammala karatu ya tafi hidimar ƙasa, kuma a cikin yaran uku ba a koya wa ko ɗaya yadda ake cika shi ba.